Kalma Ɗaya, Rami Biyu

Kakana Onésime ba ya shiri da takarda.
Ya ce ita ta fara yi masa ƙarya,
ko shi ya fara yi mata, ya manta.

Wata Lahadi a Sudbury, dusar ƙanƙara ta cinye rabin taga,
ina teburin kicin ɗinsa da ƙamus biyu,
ina bitar jarrabawar tafintan kotu.
Shi kuwa yana ferar dankali
da wuƙar da ta girme ni.

Na ɗaga murya don karatun ya zauna:
minor, da Turanci, wanda shekarunsa ba su kai ba,
wanda doka ba ta san sa hannunsa ba.
Da Faransanci, mineur.

Wuƙa ta tsaya.
"Maimaita, Noëlla."
Na maimaita.
Ya yi ta dariya har tarin ya taso,
tarin nan da ya hauro da shi daga ƙarƙashin ƙasa
ya ƙi komawa.

"Ai sunana kika kira, har sau biyu.
Mineur, mai haƙar ma'adini.
Mineur, yaron da bai isa ba.
Ina ɗan sha biyar na tsaya gaban Kerrigan
cikin takalman babana,
na cusa musu tsohuwar jarida don kada su tuɓe.
Ya tambaya da harshensa ko ni minor ne.
A kunnena, minor da miner tagwaye ne,
uwarsu ma ba ta rarrabe su.
Na buɗe ƙirji na ce e.
Ya dubi takalman,
ya dubi haɓar da ba ta taɓa ganin aska ba,
ya rubuta sha takwas.
Kowa ya ji abin da yake son ji."

Na juya shafi.
Junior, cadet: ƙane, na baya.
"Junior suke ce mini a rami," in ji shi,
"har furfura ta fito, har na binne biyu cikin masu faɗa."

Lesser, moindre.
Ya ɗaga kafaɗa, ya jefa dankali a ruwa.

Inferior, inférieur.
"Tsallake wannan.
Ba a taɓa faɗa mini shi ba,
a ambulan albashi nake tarar da shi duk Juma'a,
ba ya bukatar tafinta."

Na nuna masa abin da ƙamus ya ɓoye a gindin shafi:
puîné, wanda aka haifa daga baya, shi ke nan laifinsa.
Ya haye teku, ya sauka bakin Ingilishi,
ya zama puny, ramamme, marar kataɓus.
Kaka ya girgiza kai.
"Tafiya ce ta ramar da shi. Mu ma haka."

Sai benjamin.
Na nemi kishiyarsa a ɗaya ƙamus ɗin, babu,
sai dogon zance: mafi ƙanƙanta a gida.
"Auta," ya ce, murya ta yi ƙasa.
"Haka mahaifiyata ke kirana.
Wannan kaɗai ce cikinsu
da ba a auna mutum da ita.
Ta tsaya bakin ƙofa da asubar nan,
ba ta hana ni ba. Muna bukatar kwal ɗin hunturu."

Dankali ya dahu. Muka ci da man shanu.

Bayan shekara biyu, shi ya riga ya koma ƙasa,
wannan karon ba fitila a goshi.
Ina tsaye a ɗakin shari'a na uku.
Wani yaro, Rémi Gauvreau,
an kama shi da wayar tagulla a bayan tashar jirgi.
Alƙaliya ta ce minor.
Aikina daƙiƙa ɗaya ne, kalma ta shiga, kalma ta fita.

Na yi jinkirin rabin numfashi.
Ba wanda ya lura.
Takalmansa nake kallo.
Sun yi masa yawa.